Tsohon Soja a Mataki na Ɗaya

Duk wanda ya buɗe littafin dokokin Dungeons & Dragons na farko, wanda kamfanin TSR ya buga a 1974 a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, zai ci karo da wani jadawali mai ban dariya tun kafin ya kai ga dodanni. Jadawalin muƙaman mayaƙi ne. Mutumin da aka ƙirƙira yanzu-yanzu, tawadar sunansa ba ta ko bushe a takarda ba, bai taɓa zare takobi ba, muƙamin da aka rubuta masa shi ne *Veteran*. Tsohon soja ke nan. Kalmar daga Latin take, *veteranus*, ita kuma daga *vetus*, wato tsoho. Da ita Rumawa ke kiran sojan da ya cika shekarun aikinsa aka sallame shi. To ta yaya ta zama sunan ɗan shiga?

Ga wanda bai san wasan ba, mutane ne ke zagaye tebur, ɗaya yana ba da labari yana riƙe da dokoki, sauran kowa yana taka rawar jarumi guda. Abin da jarumin ya yi niyya, ƙwaya irin ta lido ce ke yanke hukuncin ko ya yiwu, sai dai ƙwayoyin nan har da mai fuska huɗu da mai takwas da mai ashirin. Gary Gygax da Dave Arneson, waɗanda suka tsara wasan, sun raba jarumai gida uku: *Fighting-Man*, *Magic-User* da *Cleric*, wato mayaƙi, mai sihiri da malamin ibada. Ɓarawo ya biyo baya a 1975, cikin wani ƙarin littafi mai suna Greyhawk. Kowane gida da tsaninsa, kowace matakala kuma da sunanta. 'Yan wasa sun shafe shekara hamsin suna gardamar wane gida ne ya fi shan wuya a gindin tsani. A ganina, sunayen matakalar farko sun riga sun ba da amsa tun ran fari.

Asirin *Veteran* yana cikin wani wasa da ya girmi wannan. A 1971 Gygax da Jeff Perren sun fitar da Chainmail, wasan yaƙi da ake jera ƙananan mutum-mutumin sojoji a tebur. A cikinsa akwai *Hero*, gwarzon da ke daidai da soja huɗu, da *Superhero*, wanda ke daidai da takwas. Duba jadawalin 1974: sunan mataki na huɗu *Hero*, na takwas *Superhero*. Ashe lambar matakin ƙidayar mazaje ce. Mai mataki na ɗaya soja ɗaya ne, da 'yar gyara a kai. Daga cikin sahun nan na sojojin da ba su da suna aka tsamo shi, wanda ya ga yaƙi bai mutu ba. Tsufansa na wancan wasan ne. A wannan, yau ya zo.

Alƙaluman ma sun goyi bayan sunan. A bugun 1981 wanda Tom Moldvay ya tace, mayaƙi da mai sihiri da malami da ɓarawo duk lamba ɗaya suke nema a ƙwaya mai fuska ashirin kafin saransu ya sami abokin gaba. Tsohon sojan bai fi kowa iya sara ba a ranar farko. Abin da ya fi su da shi fata ce da ƙarfe. Sulken ƙarfe zinariya 60 ne, kuma sabon jarumi yakan fara da abin da ya haura ɗari a aljihu. Idan ya sa sulke ya ɗauki garkuwa, sai *goblin*, gajeren dodon nan da ake fara gamuwa da shi, ya jefa 17 ko sama kafin ya taɓa shi, wato sau ɗaya cikin biyar. Wanda ba shi da sulke kuwa, 10 ta isa, fiye da rabin lokaci ke nan.

Shi sunan gidan, *Fighting-Man*, ƙamshin littattafan Edgar Rice Burroughs yake yi, marubucin Tarzan, wanda ke da littafi mai suna A Fighting Man of Mars. A 1978 an yanke masa wutsiya ya koma *Fighter*, mata ma suka samu shiga ba tare da an kira su maza ba. Da Hausa kuwa akwai zaɓi. Barde ya yi girma, don yana zuwa da doki da kirari. Dakare ya fi kusa, sojan ƙasa mai garkuwa. Mayaƙi ya fi duka rashin ɗanɗano, shi ya sa ya fi dacewa da asalin. A tsakiyar tsanin kuma, mataki na shida, akwai *Myrmidon*, sunan mutanen Achilles a yaƙin Troy, waɗanda Girkawa ke danganta sunansu da *myrmex*, tururuwa. Mutum ya sha wuya ya zama gwarzo a mataki na huɗu, ya ƙara biyu a kira shi tururuwa.

*Magic-User* suna ne mai kama da wanda akawu ya cika a fom: mai amfani da sihiri. Turanci yana da kyawawan kalmomi barkatai na wannan sana'a, me ya sa aka zaɓi busasshiya? Domin kyawawan duk an raba su a tsani. *Magician* na mataki na shida ne, *Warlock* na takwas, *Sorcerer* na tara, *Wizard* sai na goma sha ɗaya. Da aka gama rabo, babu abin da ya rage wa gidan kansa sai bayanin aiki.

Masu fassara sun yi ta fama da shi. Jamusawa suka ce *Zauberkundiger*, masanin sihiri, suka ƙara masa ilimin da Turancin bai ba shi ba. Faransawa suka ce *magicien*, suka huta. Jafananci ne ya ci sa'a, don dama can yana da *mahōtsukai*, wanda ma'anarsa kalma da kalma ita ce mai amfani da sihiri, kuma a kunnen Bajafane ba ta da bushewa ko kaɗan, sunan da ke cikin tatsuniyoyi ne. A Hausa boka ba zai yi ba, don boka yana ba da magani, wannan kuwa ko ciwon kai ba ya warkarwa. Matsafi yana da gunki da yanka. Wannan littafi gare shi.

Tushen kalmar *magic* ya zo kusa da gida fiye da yadda mutum zai zata. *Magush* sunan limaman tsohuwar Farisa ne. Girkawa suka karɓa suka ce *magos*, suka jingina masa duba da tsafi, daga nan ya gangara Latin da harsunan Turai. Larabawa kuma suka karɓa ta wata ƙofa suka ce *majūs*, Majusawan da almajirai ke karantawa a littattafan fiƙihu, kuma masana da dama sun ce daga nan sunan Maguzawa ya samo asali. Kalma ɗaya, ta yamma ta ɓulle a teburin wasa a Wisconsin, ta kudu ta ɓulle a ƙauyukan Kano da Katsina.

To mene ne sunan wannan mai sihiri a ranarsa ta farko? *Medium*. A Latin tsakiya ke nan, kuma a ƙarni na 19 da ita ake kiran masu da'awar cewa matattu na magana ta bakinsu. Wanda abu ke ratsawa ta cikinsa ya wuce, ba tare da ya mallake shi ba. A littafin 1978 aka sauya masa suna mai tsawo, *Prestidigitator*, wanda Faransawa suka harhaɗa daga *preste*, mai zafin nama, da *digitus*, yatsa. Ɗan siddabaru, mai rufa ido a kasuwa. Sunan farko ya ce ƙarfin ba nasa ba ne, na biyu ya ce ƙarfin ma babu.

Ga yadda abin yake a tebur. Ɗan wasa ya ɗauki ƙwaya mai fuska huɗu, 'yar ƙaramar dala mai tsini wadda ba ta mirginawa, faɗuwa kawai take yi ta zauna, wadda kuma duk wanda ya taɓa taka ta ba takalmi ba ya mantawa. Ya jefa don ya san yawan makin ransa. Ta nuna 2. Ya rubuta 2 da fensir. Makamin *goblin* yana cin maki ɗaya zuwa shida, saboda haka idan sara guda ya same shi, sau biyar cikin shida gawa ne. Ba a yarda ya sa sulke ba, makaminsa wuƙa. Daga nan tsohuwar zolayar 'yan wasa ta fito, cewa kyanwar gida ma tana iya kashe sabon mai sihiri.

Sihirinsa kuwa ɗaya ne tak a yini, kuma da zarar ya furta shi ya goge daga kansa sai gobe. An aro wannan daga littafin Jack Vance na 1950, The Dying Earth, har 'yan wasa suka mai da sunan marubucin sifa, suna cewa sihiri irin na Vance. Amma wane ɗaya! Idan *Sleep* ya haddace, sihirin sa barci, to a bugun 1981 yana iya kwantar da ƙananan dodanni biyu zuwa goma sha shida nan take, ba su da wata kariya. Ayari ya shiga wani lungu a ƙarƙashin ƙasa, ƙofa ta buɗe, dodanni takwas suka taso da masu. Mai maki biyun nan ya ɗaga hannu daga bayan sahu, ya furta abin da ya haddace, duk suka zube suna minshari. Faɗan da zai iya cinye ayarin gaba ɗaya ya ƙare kafin mayaƙi ya gyara garkuwa. Daga nan har rana ta faɗi, aikin mai sihiri riƙe fitila da zana taswira. Ƙarfi ya ratsa ta cikinsa ya wuce, kamar dai yadda sunan ya faɗa.

Malamin ibada nasa sunan farkon *Acolyte*, daga *akolouthos* na Girka, mabiyi, mai take wa wani baya. A coci shi ne yaron da ke riƙe kyandir yana taya limami hidima. Wannan ma ba a yi ƙarya ba: a dokokin 1974 da na 1981, malamin mataki na ɗaya ba shi da addu'ar warkarwa ko guda. Sai ya kai mataki na biyu ake ba shi ta farko. Mutumin da aka sani da warkar da raunuka yana fara aiki ba ya iya warkar da ƙwarzane. Abin da yake da shi sulke ne kamar na mayaƙi, da kulki, don an hana shi makami mai kaifi, da ikon korar ƙwarangwal masu tafiya idan ƙwaya biyu masu fuska shida suka ba shi bakwai ko sama. Idan aka bi lissafi, ya fi mai sihiri kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, kuma maki 1,500 kacal yake nema ya hau, alhali mayaƙi na neman 2,000, mai sihiri 2,500. Wanda ya fi saurin mutuwa shi aka tsawwala wa kuɗin hawa.

Kalmar *cleric* tana ɓoye wani abu da ya dace da wasan ƙwaya. Daga *klēros* take, abin da Girkawa ke jefawa a ƙuri'a, daga baya kuma rabon da ƙuri'ar ta ba mutum. Ma'aikatan coci su ne waɗanda hidimar Ubangiji ta zama rabonsu. *Sorcerer* kuma daga *sors* na Latin yake, shi ma ƙuri'a, mai jefa ta ya faɗa maka abin da zai same ka. Malami da matsafi, abokan gaba a kowane labari, sunayensu duka daga ƙuri'a suka fito. Reshen *cleric* bai tsaya nan ba. Da yake 'yan coci ne masu karatu da rubutu a Turai ta da, kalmar ta haifi *clerk*, akawu, ita kuma ta iso Hausa zamanin Turawa ta zama kilaki, da ma'anar da ta yi hannun riga da gidan ibada. Tsanin malamin shi ma ba a rasa abin dariya: bishop a mataki na shida, *Patriarch* a na takwas, a tsakaninsu kuma *Lama*, malamin addinin Buddha na Tibet, wanda ba a san wanda ya gayyace shi ba.

Ɓarawo shi ne ya fi ba ni tausayi. Sunansa na farko *Apprentice*, ɗan koyo, kuma jadawalinsa na 1981 ya tabbatar: buɗe kwado 15 cikin ɗari, kwance tarko 10, ɓuya a inuwa 10, tafiya ba motsi 20, sane 20. Hawa bango kaɗai ya iya, 87 cikin ɗari. Ƙwayar ransa mai fuska huɗu ce kamar ta mai sihiri, ga shi kuma shi ake turawa gaba ya taɓa akwatin da ake zargi. Yana hawa yana sauya laifi: *Footpad*, ɗan fashin da ko doki ba shi da shi, sai *Robber*, sai *Burglar* mai fasa gida, sai *Cutpurse*, wanda ya yi daidai da mai yankan aljihu har a ginin kalma. Sunan *Thief* kansa, ɓarawo, ba ya samunsa sai mataki na takwas ko na tara, gwargwadon bugun da aka duba. Sai ya yi shekaru yana sata kafin a yarda a kira shi ɓarawo.

Wanda ya san tsangaya ba zai yi mamakin wannan tsari ba. Kolo ba ya amsa sunan gardi, gardi ba ya amsa alaramma, kuma ba a ce wa mutum gwani don ya sayi allo. Sunan yana gaya wa baƙo abin da zai iya nema a wurinka da abin da bai kamata ya nema ba.

Ita kalmar matakin, *level*, daga *libella* ta Latin take, ƙaramin ma'auni, abin da magini ke gwada daidaiton gini da shi. Wasan ya ɗora mata kaya huɗu: matakin jarumi, matakin sihiri, matakin dodo, da hawan kurkukun ƙarƙashin ƙasa, inda hawa na biyu yake ƙasa da na ɗaya. Gygax da kansa ya ambata a littafin 1978 cewa an so a ba uku daga ciki wasu sunaye dabam, amma bakin mutane ya riga ya saba. Shi ya sa har yau ake wahalar bayyana wa sabon shiga cewa mai sihiri sai ya kai mataki na biyar yake samun sihirin mataki na uku.

A bugun 1989 aka share sunayen matakala gaba ɗaya, lambobi suka rage. Sai kalmomin da suka rasa aiki suka fara neman sabon wuri. *Wizard*, rawanin da ake naɗawa a mataki na goma sha ɗaya, ya sauko har ya zama sunan duk wanda ya buɗe littafin sihiri jiya. Asalinsa *wise*, mai hikima, da ɗafin *-ard* wanda Turanci ke liƙa wa mashayi da malalaci, don haka da ɗan gatse a cikinsa, kamar a ce sarkin sani. *Sorcerer* ya zama gida mai zaman kansa a 2000, *Warlock* a 2004. Wannan na ƙarshe daga tsohon Turanci yake, *wǣrloga*, mai karya alkawari, kuma sai aka ba da shi ga jarumin da duk ƙarfinsa ya rataya a kan yarjejeniyar da ya ƙulla da wani mai iko.

*Rogue* shi ya yi tafiyar a juye. A 1978 sunan matakalar ɓarawo ta farko ne, ɗan iskan gari wanda bai kai a kira shi ɓarawo ba. A 2000 ya haye sama ya kori *Thief* ya gaje gidan duka. Faransawa suka bi sahu, *voleur* ya koma *roublard*, mai wayo. An wanke sana'ar: yanzu ana iya zama ɗan gidan ba tare da an taɓa kayan kowa ba.

Sunaye ba su sauko su kaɗai ba, ƙarfi ya biyo su. Akwai wata tsohuwar kalmar Sikotlan, *cantrip*, ɗan tsafin mayya ko 'yar tsokana, wadda Gygax ya tono a 1982 ya sa wa ƙananan sihirce-sihircen ɗan koyo, irin su share ƙura da sa mutum atishawa. A bugun 2014 *cantrip* abu ne da ba ya ƙarewa, kuma ɗaya daga cikinsu dunƙulen wuta ne mai cin maki ɗaya zuwa goma, daidai da takobin da aka riƙe da hannu biyu. Sabon *wizard* yana da irinsu uku, da manyan sihiri biyu a yini, da makin rai shida ba tare da ya jefa ƙwaya ba. Malami yana warkarwa tun ranar farko. Kowane gida maki 300 yake nema ya hau mataki na biyu, abin da ake iya samu a zama ɗaya. Wanda ya faɗi ma ba ya mutuwa nan take, ana ba shi damar jefa ƙwaya ko zai farfaɗo.

Ban ce an ɓata wasan ba. Wanda ya taɓa zama awa huɗu yana riƙe da fitilar da ba ta wanzu ba, don sihirinsa ya ƙare tun a ƙofar farko, yana da hujjar murna. Amma an yi asarar wani abu a harshe. Da, idan ɗan wasa ya ce shi *Medium* ne, kowa a teburin ya san a sa shi a tsakiyar sahu a kare shi. Yanzu mai kwana ɗaya da mai iya tsayar da lokaci suna ɗaya suke amsawa, sai an tambayi lamba.

Masu kewar gindin tsani sun tafi sun haƙa ƙasa da shi. Warhammer Fantasy Roleplay, wasan Ingila na 1986, ya gina jarumansa a kan sana'o'i, kuma wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce ta mai kama ɓeraye, wanda ke fara rayuwa da sanda da ɗan ƙaramin kare mai cizo. Dungeon Crawl Classics na 2012 ya zo da mataki na sifili da wani tsari da ya kira *funnel*, mazurari. Kowane ɗan wasa ana ba shi talakawa uku ko huɗu, manomi da mai yin cuku da mai haƙa kabari, da ɗan abin da suka fito da shi daga gida, wani da kaza, wani da shebur. A tura su rami gaba ɗaya. Wanda ya fito da rai a ƙarshen dare, shi ne ake tambaya ko mayaƙi yake so ya zama ko mai sihiri.